Shirya Bikin Auren Jinsi Ɗaya Cikin Natsuwa da Zaɓen Kyaututtukan da Za Su Amfani Gida

Jim kaɗan bayan ƙarfe goma sha biyun dare, ranar 1 ga Afrilu, 2001, magajin garin Amsterdam na wancan lokaci, Job Cohen, ya ɗaura auren mutum takwas masu jinsi ɗaya, kuma daga wannan dare Holan ta zama ƙasa ta farko da dokarta ta amince da irin wannan aure. Beljiyam ta biyo baya a 2003, Sifaniya da Kanada a 2005, Afirka ta Kudu a 2006, Faransa a 2013, Ingila a 2014, Amurka baki ɗayanta a 2015, Jamus da Ostireliya a 2017, Taiwan a 2019, sai Tailan a watan Janairun 2025. Yau ƙasashen sun haura talatin. Abin lura a cikin wannan lissafi shi ne, bikin bai kai shekara talatin da samun gindin zama a doka ba, don haka babu wata shimfiɗaɗɗiyar hanya da magabata suka bari wadda za ta ce wane ne zai fara shiga zaure, wane ne zai yi jawabi, ko dangin wa za su ɗauki nauyin me. Wasu ma'auratan wannan ne yake ɗaga musu hankali. A ganina kuwa, nan ne sauƙin ya ke, domin kowane abu da zai shiga ranarku sai kun zaɓe shi da kanku, kuma abin da bai dace da ku ba kuna iya barinsa ba tare da kun karya wata ƙa'ida ba.

Doka ce farkon abin dubawa

Tun ran gini ran zane. Kafin ku yi maganar zaure ko tufafi, ku tabbatar da inda doka ta ba ku damar yin auren da kuma abin da take buƙata daga gare ku, domin ƙa'idojin sun bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila da Wales, kowannenku zai je ofishin rajista na yankin da ya zauna aƙalla kwana bakwai ya ba da sanarwar niyyar aure, kuma sai an yi hakan kwana 29 kafin ranar. Idan ɗayanku baƙo ne da hukumar shige da fice take da ta cewa a kan zamansa, ana iya tsawaita jiran zuwa kwana 70. Ana buƙatar shaidu biyu, kuma ɗaurin auren hukuma ba ya karɓar addu'a ko karatun addini a cikinsa. A Faransa, auren da doka ta sani shi ne wanda aka ɗaura a ofishin magajin gari, kuma sai ɗayanku ko ɗaya daga cikin iyayenku yana da mazauni a garin. A Amurka kowace jiha da tsarinta: a New York, misali, ana jira sa'a 24 bayan karɓar lasisin aure, kuma lasisin yana aiki na kwana 60. Kanada da Denmak ba sa sharɗanta zama a ƙasar, shi ya sa masu zuwa daga waje suke yawan zaɓensu.

Takardun da aka fi nema su ne fasfo, takardar haihuwa, shaidar adireshi, da takardar rabuwa ko ta rasuwar abokin zama ga wanda ya taɓa aure. Idan takardun a wani harshe suke, ana iya buƙatar fassarar da hukuma ta amince da ita, wani lokaci har da hatimin tantancewa. Wannan ne ɓangaren da ya fi cin lokaci, saboda haka da shi ya kamata a fara, ko da ranar biki tana da nisan wata shida.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, domin ta shafi lafiyar mutane da 'yancinsu. Auren da aka ɗaura a ƙasar da ta halatta shi ba ya samun karɓuwa a ƙasar da ta haramta shi. A Nijeriya, dokar da aka sanya wa hannu a watan Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga wanda ya ƙulla auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga wanda ya ɗaura shi ko ya tsaya shaida ko ya taimaka. Ƙasashe da dama a Afirka da Gabas ta Tsakiya da Asiya suna da hukunci irin wannan ko wanda ya fi shi tsanani. Wannan jagora na waɗanda suke zaune ne a inda doka ta ba su kariya, kuma ko su ɗin, wajibi ne su yi tunanin baƙon da zai halarci bikin sannan ya koma inda hoto guda zai iya jawo masa fitina. Zan dawo kan wannan a maganar hotuna.

Ku zauna ku biyu kafin kowa ya sa baki

Shawarar da na fi ba muhimmanci ita ce ku keɓe maraice guda, ba waya ba baƙo, kowannenku ya rubuta abubuwa uku da idan babu su ranar ba ta cika masa ba, da abubuwa uku da ba ya so ko kaɗan. Sai ku haɗa takardun. Sau da yawa za ku tarar abin da kuke so ya fi abin da kuka zata ƙanƙanta: ɗaya yana son kakarsa ta samu wurin zama kusa da shi, ɗayan yana son a yi a fili ƙarƙashin bishiyoyi, kuma dukanku ba ku son tsayuwar sa'a biyu ana ɗaukar hoto. Waɗannan abubuwa da kuka rubuta su ne ma'aunin da za ku riƙa auna kowace shawara da su, musamman lokacin da 'yan'uwa da abokai suka fara kawo nasu ra'ayin, wanda tabbas za su kawo, kuma mafi yawa da kyakkyawar niyya.

A wannan zaman ne kuma za ku yanke adadin kuɗin da za ku kashe. Daidai ruwa daidai tsaki. Ku ware wani abu kamar kashi ɗaya cikin goma ku ajiye don abin da ba a zata ba, kuma kada ku ci bashin da zai bi ku cikin shekarar farko ta aure. Idan wani zai ba da gudummawa mai tsoka, ku fahimci juna da shi tun farko ko kyauta ce zalla ko kuwa tana tafe da sharaɗi, domin wanda ya biya kuɗin zaure yakan ji yana da haƙƙin ƙara sunaye a cikin baƙi.

Waɗanda za a gayyata

Babu abin da yake tantance yanayin biki kamar mutanen da suke cikinsa. Ado da kiɗa ba sa iya gyara zauren da yake cike da masu kallon ƙasa-ƙasa, kuma mutum talatin da suke ƙaunarku sun fi ɗari biyu da suka zo taron tsintsiya ba shara. Ga ma'aurata masu jinsi ɗaya wannan ɓangare yakan zo da raɗaɗi, domin akwai uwa ko uba ko ɗan'uwa da zuciya take so ya zo alhali bai amince da auren ba. Ba ni da amsa guda da za ta dace da kowa, amma ina ganin tambaya ɗaya tana taimakawa: idan wannan mutum yana zaune a layin gaba, shin za ku iya riƙe hannun juna ba tare da kun waiwaya kun duba fuskarsa ba? Idan amsar a'a ce, kuna da damar ku bar shi, ko ku ziyarce shi daban bayan biki, ba tare da kun yanke zumunci ba.

Wanda kuke shakkar matsayinsa, ku yi masa magana baki da baki ko ta waya kafin katin gayyata ya isa gare shi, ku faɗa masa irin bikin da za a yi, ku kuma ba shi hanyar da zai ƙi zuwa cikin mutunci. Hakan ya fi a bar shi ya zo da nauyi a zuciya, ko a bar ku kuna jiran amsar da ba za ta zo ba. Idan kuma kujerar uwa ko uba za ta kasance babu kowa, kada ku bar ta ta zama abin kallo. Mutane da yawa suna da wata babbar ƙawa ko malami ko maƙwabciya da ta tsaya musu lokacin da gida ya juya baya, kuma irin waɗannan su suka cancanci layin gaba da tsayawa shaida. Tsarin nan na zaunar da dangin wannan a dama, dangin wancan a hagu, gara a bar shi, musamman idan ɓangare ɗaya ya fi ɗayan yawa nesa ba kusa ba. A ce kowa ya zauna inda ya ga dama, ko a jera kujeru a zagaye.

Wuri da masu hidima

Wurin da zai ɗauki ɗaurin aure da walima gaba ɗaya ya fi sauƙi, domin yana kawar da jigilar mutane da ɓacewar hanya da jiran waɗanda suka makara. Lambu ko ƙaramin zaure ko gidan wani aboki mai fili duk suna yi, muddin akwai mafaka idan ruwa ya sauko, da hanyar shiga ga mai keken guragu, da kujeru ga tsofaffi. Inda doka ta taƙaita wuraren da ake iya ɗaura aure, ma'aurata da yawa sukan raba abin biyu: su je ofishin rajista da shaidunsu su sa hannu cikin 'yan mintoci, sannan wata rana su yi bikin da suke so a inda suke so, wani amininsu ya jagoranta. Wannan rabawa tana sauke nauyi mai yawa, kuma ita ce mafita ga wanda yake son addu'a ko karatun da ofishin hukuma ba zai bari ba. Masu son a ɗaura a wurin ibada su bincika tun da wuri, domin ɗariƙu sun sha bamban. A Ingila, Cocin Ingila ba ta ɗaura irin wannan aure, amma 'yan ɗariƙar Kirista ta Kwaka (Quakers) suna ɗaurawa, haka ma majami'un Metodis da suka zaɓi yin hakan bayan ƙuri'ar da cocin ta kaɗa a 2021.

Duk wanda za ku ɗauka aiki, mai hoto ne ko mai abinci ko mai kiɗa ko mai zaure, ku faɗa masa a saƙon farko cewa ango biyu ne ko amarya biyu. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ta hana mai sana'a ƙin yi wa mutum hidima saboda wanda yake so, a Amurka kuwa kariyar ta danganta da jiha, amma ko inda doka take bayanku, ba ku buƙatar wanda zai yi muku aiki yana ɓata rai. Yadda ya amsa saƙon farko yakan nuna halinsa. Ku nemi ganin aikin da ya yi wa ma'aurata irinku, ku duba ko takardunsa suna da gurbin da ya dace da ku, kuma kada ku ba da kafin alƙalami sai an rubuta yarjejeniya mai ɗauke da rana da lokaci da abin da zai faru idan an ɗage.

Tsarin ranar

Maganar shiga zaure tana da hanyoyi da yawa, kuma kowace mai kyau ce: ku shigo tare hannu da hannu, ko kowa ya fito ta nasa ɓangaren ku haɗu a tsakiya, ko kuma ku riga baƙi isowa ku tsaya a ƙofa kuna tarbarsu, wanda a ganina shi ya fi kashe fargaba, domin kafin a fara kun riga kun gaisa da kowa. Masu tsaya muku ba sai an raba su maza da mata ba. Tufafi kuma ba dole su zama iri ɗaya ba. Ya isa a ce launukan ba sa faɗa da juna, kuma kowa yana iya zama da tashi da rawa a cikin nasa ba tare da takura ba. Idan kuna son kada ku ga kayan juna sai ranar, ku sa aboki ɗaya ya ga duka biyun.

Alkawuran da za ku faɗa wa juna su ne zuciyar taron. Ku amince kan tsawonsu tun farko, kamar minti ɗaya ko biyu kowanne, don kada ɗaya ya zo da shafi uku ɗayan da layi biyu. Ku rubuta abin da kuka sani game da junanku da abin da kuka ɗauki nauyin yi, cikin kalmomin da kuke magana da su a gida, ku kuma rubuta a kati, domin murya takan rawa kuma abin da aka haddace yakan gudu. Ɗaurin auren da bai wuce rabin sa'a ba ya wadatar. Jawabai biyu ko uku gajeru sun isa, kuma ku gaya wa masu jawabin abin da ba ku so a taɓo, musamman labarin yadda kowannenku ya bayyana wa iyalinsa halinsa, domin wannan labari naku ne, ku kaɗai kuke da ikon ba da shi.

Ku naɗa mutum ɗaya mai natsuwa wanda ba ya cikin masu tsaya muku, ku ba shi lambobin masu hidima da jadawalin ranar, ku ce duk matsalar da ta taso a kai masa. Ku bar sarari tsakanin abubuwa, ku kuma keɓe minti goma sha biyar bayan ɗaurin aure ku kaɗai, ku sha ruwa ku ci wani abu.

Sai maganar hotuna. Ku yanke tun kafin a buga kati ko kun yarda a sa hotunanku a Facebook da Instagram da WhatsApp, ku rubuta hukuncin a katin, mai jagorantar taro kuma ya maimaita shi kafin a fara. Idan akwai baƙon da bayyanar fuskarsa za ta iya jawo masa matsala a wurin aiki ko a ƙasarsa, ku sanar da mai hoto, ku kuma sa a cikin yarjejeniya cewa ba zai yi tallar aikinsa da hotunanku ba sai da izininku a rubuce. Shafin biki na intanet a sa masa kalmar sirri. Rigakafi ya fi magani, domin hoton da ya fita ba ya dawowa.

Jerin kyaututtuka

Al'adar rubuta jerin abin da ma'aurata suke so a wani kanti ana danganta farkonta ga kantin Marshall Field's na Chicago a 1924, kuma manufarta ita ce a taimaki waɗanda za su kafa gida daga tushe, kada kuma mutum biyar su kawo abu iri ɗaya. Amma da yawa daga cikin ma'aurata masu jinsi ɗaya sun shafe shekaru suna zama tare kafin doka ta buɗe musu ƙofa, don haka tukwane da zannuwan gado suna da su, wani lokaci ma bibbiyu. Wasu saboda haka sukan ji kunyar rubuta jeri. Ina ganin kuskure ne a bar shi gaba ɗaya, domin mutane za su kawo kyauta ko an ce su kawo ko ba a ce ba, kuma jerin yana raba su da zullumin zaɓe.

Hanyar da ta fi ita ce ku zaga gidanku ɗaki-ɗaki da takarda a hannu, ku rubuta abin da ya tsufa da abin da kuka daɗe kuna cewa za ku saya ba ku saya ba. Tawul ɗin da ya ƙoƙe, wuƙar da ta dakushe, katifar da take sa ciwon baya, fitilar karatu, akwatin tafiya, kayan aikin lambu: waɗannan su ne kyaututtukan da ake amfani da su shekara da shekaru. Abu ɗaya mai inganci ya fi uku masu saurin lalacewa. Kowannenku ya ga kansa a cikin jerin, kada ya zama na wanda ya fi son girki ko ya fi son ado shi kaɗai. Ku sa abubuwa masu sauƙin kuɗi da yawa, matsakaita da dama, masu tsada kaɗan, kuma jimillarsu ta ɗan fi yawan baƙin, don wanda ya zo a makare ya tarar da abin da aljihunsa zai iya. Babban abu kamar kujerun falo ana iya buɗe shi don mutane da yawa su haɗa hannu.

Idan abin da kuke buƙata kuɗi ne, ku faɗa a fili cikin ladabi, kuma ku ambaci abin da za a yi da su: tafiyar hutu bayan biki, ajiyar sayen gida, gyaran rufi, ko kuɗin lauya da na hukuma ga masu shirin ɗaukar riƙon yaro. Mutane sun fi sakin hannu idan sun san inda kyautarsu za ta tafi. Shafuka irin su Zola da Honeyfund da Prezola suna ba da damar haɗa kaya da asusun kuɗi a wuri guda, Amazon da manyan kantuna kuma suna da nasu tsarin. Kafin ku zaɓa, ku duba kason da ake cirewa idan an biya da kati, da wa'adin mayar da kaya, da ko za a tara kayan a kawo lokaci ɗaya bayan biki, da kuma ko shafin yana barin a ɓoye jerin daga masu bincike da suna, wanda yake da muhimmanci ga duk mai kiyaye sirrinsa. Adireshin gidanku ma kada ya fito ga kowa. Waɗanda ba sa buƙatar komai suna iya zaɓen ƙungiyar agaji ɗaya ko biyu da aikinta ya taɓa rayuwarsu, amma ko su ɗin su bar 'yan abubuwa kaɗan a jeri saboda dattijan da ba sa jin sun yi kyauta sai sun miƙa abu da hannu.

Bayanin jerin ya fi dacewa a shafin biki ko a wata 'yar takarda daban, ba a fuskar katin gayyata ba, kuma a rubuta cewa zuwan mutum shi ne abin da aka fi so. Wanda ya biya kuɗin jirgi da masauki don ya halarta ya riga ya yi kyautarsa, kuma yana da kyau ku faɗa masa haka kai tsaye don kada ya ji nauyi. Ku buɗe jerin lokacin da katunan suka fita, ku riƙa leƙawa kuna ƙara abubuwa idan masu sauƙin sun ƙare, ku bar shi a buɗe wata ɗaya ko biyu bayan biki.

Ranar taron, a tanadi akwati mai rufi don ambulan, a ɗora wa mutum ɗaya amanarsa. Yayin buɗe kyaututtuka, ɗaya yana buɗewa ɗayan yana rubuta sunan mai kyauta da abin da ya kawo, domin katuna sukan rabu da kayansu cikin minti kaɗan. Yaba kyauta tukwici: cikin wata biyu ko uku ku aika wa kowa godiya da sa hannunku ku biyu, ku ambaci abin da ya bayar da yadda kuke amfani da shi, idan kuɗi ne ku faɗi abin da suka zama. Waɗanda suka tsaya muku shaida, da wanda ya riƙe jadawalin ranar, da wanda ya zo shi kaɗai daga cikin danginsa, su ne za a fara rubuta wa.